Digiri na Biyu a Firagmatiks: Abin da Na Samu da Inda Aka Gaza

Tun da na kammala digiri na biyu a kimiyyar harshe, tambaya ɗaya ce masu niyyar shiga suke yawan yi mini: shin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa? Tana biya, amma ba ta kowace fuska ba. Kwas ɗaya tak, da wani zama na ganin dama wanda ko a manhaja ba a rubuta shi ba, su ne suka riƙe karatun. Kwas ɗin dabarun bincike kuwa, wanda ya kamata ya zama ginshiƙi, shi ya fi kowanne rauni, kuma rauninsa yana bin ɗalibi har cikin kundinsa. Ba zan kama sunan jami'ar ba. Malaman suna nan suna aikinsu, kuma yawancin abin da zan faɗa na ji irinsa daga bakin waɗanda suka yi karatun a wasu wurare.

Ga wanda bai san fagen ba: ilimin ma'ana yana tambayar abin da jimla take nufi, firagmatiks kuma yana tambayar abin da mutum yake nufi da ya faɗe ta a wannan wuri, a wannan lokaci, ga wannan mai sauraro. Wani ya ce maka, "Ƙofar a buɗe take." Kalmomin ba su canza ba, amma yana iya zama labari yake ba ka, ko yana so ka tashi ka rufe, ko yana cewa ka shigo, ko kuma korarka yake yi cikin ladabi. Kai kuma nan take ka gane wanne ne, ba tare da an yi maka bayani ba. Yadda aka yi ka gane ɗin, shi ne abin da ake shafe shekara biyu ana tonawa. Charles Morris ne ya ware wa fagen suna a 1938, lokacin da ya raba nazarin alamomi gida uku, amma sai a shekarun 1970 ya tsaya da ƙafafunsa a sassan kimiyyar harshe.

Tsarin karatun shi ne wanda aka saba: zango biyu na kwasa-kwasai, sannan kundi. A zangon farko dole kowa ya ɗauki tsarin sauti da ginin jimla da ilimin ma'ana, ko da kuwa firagmatiks kaɗai ya kawo shi. Wasu abokan karatuna sun yi ta ƙorafin zanen bishiyoyin jimla. Ni ban ga laifin hakan ba, musamman ilimin ma'ana, domin wanda bai san iyakar abin da kalma take ɗauke da shi ba, ba zai iya nuna abin da muhalli ya ƙara mata ba. An koyar da su daidai gwargwado, babu yabo babu fallasa.

Kwas ɗin ra'ayoyin firagmatiks shi ne zuciyar abin. Farfesan da ya ɗauke mu dattijo ne mai sanyin murya, ba ya ba da takardun da aka taƙaita, sai dai ya ce a je a karanto asalin rubutun masu ra'ayin. Da J. L. Austin muka fara, wanda ya gabatar da laccocinsa a Jami'ar Harvard a 1955, aka buga su littafi a 1962 bayan rasuwarsa. Shi ne ya ja hankali ga cewa wata maganar ba labari take bayarwa ba, aiki take yi. Wanda ya ce "na yi alkawari" ya riga ya yi, wanda ya ce "na yafe maka" ya yafe. Amma da sharaɗi: alƙali a kan kujerarsa in ya ce ya ɗaure ka, ka ɗauru, ni kuwa in na faɗa a kan titi, iska ce kawai. Daga nan aka shiga John Searle, wanda ya tsara wannan tunani a littafinsa na 1969, daga baya ya kasa ayyukan magana gida biyar: tabbatar da abu, neman a yi abu, ɗaukar wa kai nauyi, bayyana abin da ke zuci, da ayyanawar da take canza hali nan take.

Inda Farfesa ya fi nuna gwanintarsa shi ne kan Paul Grice. Ranar da aka dawo mana da sakamakon gwajin farko, ya shigo da takardun a hannu, ya ajiye su a kan tebur, ya ce, "Wasu daga cikinku sun ci." Ajin ya yi tsit. Kowa ya fara satar kallon na kusa da shi. Ya bari shirun ya yi nisa, sannan ya ce, "Hasali ma dukkanku kun ci." Wata daga baya ta ce, "Haba, ranka ya daɗe, ai ka tsinka mana zuciya!" Ya ce, "Ƙarya na yi?" Aka ce a'a. "To wa ya ce akwai wanda ya faɗi?" Babu wanda ya faɗa, mu muka ɗauko da kanmu, domin mun ɗauka cewa da "duka" ce gaskiya, da ita zai faɗa. Sai ya juya ga allo ya rubuta: "Na kashe macijin, hasali ma bai mutu ba." Wannan kam ba ta zauna, domin mutuwa tana cikin kalmar kashewa, ba a iya janye ta. Bambancin abin da aka faɗa da abin da aka bari mai sauraro ya ɗauko kenan, kuma gwajinsa shi ne a ga ko ana iya soke shi ba tare da an yi tufka da warwara ba. Ya ƙara da ta uku: "Ka daina makara?" Ko ka ce e, ko ka ce a'a, ka amsa cewa kana makara a da. Wannan kuma wani nau'i ne daban, abin da magana ta riga ta ɗauka a matsayin sananne.

A cikin zama ɗaya muka riƙe abubuwa uku da littattafai suke cinye babi-babi a kansu. Sai bayan haka ya kawo tarihin: Grice ya gabatar da ra'ayin a Harvard a 1967, aka buga maƙalar a 1975, da ƙa'idojinsa huɗu na haɗin kai a zance, wato ka faɗi gwargwadon abin da ake bukata, ka faɗi gaskiya, ka tsaya kan batu, ka fayyace. Ya nanata mana cewa waɗannan ba wa'azi ba ne, ba cewa aka yi haka mutane suke magana ba. Abin da mai sauraro yake zato ne, kuma da wannan zaton ake yin habaici da gatse da zolaya. Ya kawo mana aikin Laurence Horn na 1972 kan jerin kalmomi masu hawa-hawa, irin "wasu" da "duka", da gwajin Ira Noveck na 2001 a Faransa, inda aka ga yara sun fi manya yarda da jimlar da ta ce "wasu" alhali "duka" ne gaskiya. Wato wannan ɗaukowar da muke yi ba tare da tunani ba, koyonta ake yi.

Ƙorafina ɗaya a kan wannan kwas: ra'ayin dacewa na Dan Sperber da Deirdre Wilson, na 1986, mai cewa mai sauraro yakan ɗauki fassarar da ta fi dacewa da halin da ake ciki, an bi ta kansa a gurguje a ƙarshen zango. Farfesa bai ɓoye cewa ba ya ƙaunarsa ba. Hakkinsa ne, amma ɗalibin da zai karanta mujallun yau ba zai kauce wa wannan ra'ayi ba, kuma da kanmu muka koma muka haƙa.

Kwas ɗin ladabin magana ya zo da daɗi da kuma matsala. Ginshiƙinsa aikin Penelope Brown da Stephen Levinson ne, wanda ya fara fitowa a 1978 aka sake buga shi a 1987, sun kuma ɗora shi a kan tunanin Erving Goffman game da mutuncin da kowa yake karewa a gaban jama'a. Sun ce nauyin roƙo ko umarni yana fitowa daga abu uku: nisan da ke tsakanin masu magana, fifikon ɗaya a kan ɗaya, da girman abin da ake nema. Tsari ne mai kyau, mai sauƙin koyarwa, kuma nan ne haɗarinsa. Daga harsuna uku suka fi ɗauko misalansu, Ingilishi da Tamil na kudancin Indiya da Tzeltal na ƙasar Meziko, suka ce abin ya game duniya. An daɗe da yi musu raddi. Yoshiko Matsumoto a 1988 da Sachiko Ide a 1989 sun nuna cewa a Japananci sau da yawa ladabi ba dabarar kare 'yancin mutum ba ne, sanin matsayi ne da harshen kansa yake tilastawa. Yueguo Gu ya yi nasa raddin daga Sinanci a 1990, Onuigbo Nwoye kuma daga harshen Ibo a 1992, inda ya nuna cewa mutuncin jama'a yana iya rinjayar na mutum ɗaya. Shi kansa Grice bai tsira ba, domin tun 1976 Elinor Ochs Keenan ta kawo rahoto daga Madagaska cewa akwai inda riƙe labari, ba bayar da shi cikakke ba, shi ne abin da ake zato.

Duk waɗannan an ambace su, amma a lacca ta ƙarshe, kamar ƙarin bayani. Sakamakon haka a fili yake ga duk wanda ya leƙa kantar kundaye a ɗakin karatun sashen. Kundi bayan kundi, ɗalibi ya ɗauko rukunan Brown da Levinson, ya nemo jimloli daga harshensa ya zuba a ciki, ya ƙirga, ya ce kashi kaza na wannan dabara ne, kashi kaza na waccan. Tamkar telan da ya gama ɗinka riga kafin ya ga mai ita, sannan ya ce jikin ne bai yi daidai ba. Abin da bai shiga rukuni ba sai a jefa shi ƙarƙashin "sauransu", alhali sau da yawa a nan ne abin sha'awar yake.

Tushen wannan cuta yana cikin kwas ɗin dabarun bincike. Kusan duk abin da aka koya mana na tattara bayanai ya tsaya ne a kan takardar cike gurbi: a rubuta wa mutum wani hali, a ce ka ari littafin abokinka ya ɓace, me za ka ce masa, shi kuma ya rubuta amsa. Dabarar tana da tarihi. Babban aikin da Shoshana Blum-Kulka da abokan aikinta suka fitar a 1989, wanda ya kwatanta roƙo da neman afuwa a harsuna da dama, da ita aka yi shi. Tana da sauri, tana ba da adadi mai yawa, tana da sauƙin kwatantawa. Amma abin da take kamawa shi ne abin da mutum yake ganin ya kamata ya faɗa. Andrea Golato ta gwada wannan a 2003 da Jamusanci: ta kwatanta yadda mutane suke amsa yabo a takarda da yadda suke amsawa a hirar da aka naɗa, sai ga godiya tana fitowa a takarda, a hirar gaske kuwa kusan ba a jin ta. Malamin da ya ɗauke mu bai kawo wannan ba. Bai nuna mana yadda ake ajiye rikoda a ɗaki mai amsa-kuwa ba, bai nuna mana yadda ake neman izinin waɗanda za a naɗa ko yadda ake ɓoye sunayensu ba. Matsalar da William Labov ya bayyana tun 1972, cewa muna son jin yadda mutane suke magana in ba a kallonsu amma sai mun kalle su za mu ji, an rubuta ta a allo a matsayin abin haddacewa don jarrabawa, ba a matsayin abin da zai same mu ba. Ƙididdiga kuma ba ta wuce fitar da kashi cikin ɗari ba.

Abin da ya cece ni shi ne wani zama da wata matashiyar malama, sabuwar dakta, take shiryawa da yamma. Babu maki, babu rajista, wanda ya ga dama ya zo. Mutum ɗaya zai kawo ɗan guntun hira da ya naɗa, da rubutunta, a saurara a maimaita, a sake maimaitawa, har kunne ya fara jin abin da ya tsallake. Dokarta ɗaya ce: ba a cewa "ai nufinsa kaza ne" sai an nuna layin da ya tabbatar. Ranar da na kawo nawa, layi uku kacal muka tsaya a kai. Wani yana tambayar abokinsa, "Za ka samu zuwa gobe?" Sai shiru. Abokin ya ja numfashi ya ce, "To, ka san dai..." Bai ƙarasa ba mai tambayar ya tare shi, "Ko jibi ma babu damuwa." Ni na rubuta shirun da ɗigo uku na wuce. Dakta ta ce in buɗe sautin a Praat, manhajar nazarin sauti, in auna. Ya kai kashi takwas cikin goma na daƙiƙa. Ta ce, "Malam, duba da kyau. Ina aka ce a'a a nan?" Babu. Amma mai tambayar ya ji ta, har ya sauya roƙonsa don ya sauƙaƙa wa abokinsa, tun kafin a furta ƙin. Hujjar cewa shirun ƙi ne ba daga kaina ta fito ba, tana cikin abin da mai tambayar ya yi a layi na uku.

A wannan zama na san aikin Harvey Sacks da Emanuel Schegloff da Gail Jefferson na 1974 kan yadda ake karɓa-karɓa a zance, da tsarin rubutun Jefferson mai auna shiru da kashi goma na daƙiƙa, da bayanin Anita Pomerantz cewa amincewa takan zo da wuri a miƙe, ƙi kuma yakan zo da jinkiri da kewaye-kewaye. A nan na ji binciken Tanya Stivers da abokan aikinta na 2009, wanda ya auna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a harsuna 10, ya samu matsakaicinta bai wuce wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba, Japanawa sun fi sauri, 'yan Denmark sun fi jinkiri, su ma ba su kai rabin daƙiƙa ba. In ka san wannan, sai ka gane me ya sa shirun da bai kai daƙiƙa ɗaya ba yake da nauyi haka. A nan kuma aka koya mana ELAN, manhajar kyauta ta cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a Holan, wadda ake jera rubutu da sauti da bidiyo a cikinta. Abin takaici ne a ce mafi amfanin abin da sashe yake bayarwa ya dogara ga hutun malama ɗaya. Ranar da ta samu wani aiki, shi kenan.

Duba kundi sa'a ce, kowa ya sani. Tawa ta yi kyau. Wadda ta duba aikina ba ta jin harshen da na naɗi bayanaina a cikinsa, na kuma ɗauka cikas ne, sai ya zama alheri. Dole na fassara mata kowane layi ƙwayar ma'ana bayan ƙwayar ma'ana bisa ƙa'idojin Leipzig, waɗanda masana harshe suke bi wajen irin wannan fassara, kuma duk inda na ce "kowa ya san haka ake nufi" sai ta ja layi ta rubuta a gefe cewa ita ba ta sani ba, in nuna mata. 'Yan ƙananan kalmomin nan irin "dai" da "fa" da "kam" sun sha ja-in-ja a tsakaninmu, domin babu ƙamus ɗin da zai gaya maka aikinsu, sai ka tara wuraren da suka fito ka ga abin da ya biyo baya. Takan dawo da babi a kan lokaci, da jan biro har bayan takarda. Wani abokina kuwa nasa malamin sai ya riƙe babi har a manta, in ya dawo kuma gyaran waƙafi ne kawai a ciki. Sashen ba shi da wata hanya da ɗalibi zai kai kuka ba tare da ya jawo wa kansa ba.

Ɗakin karatu yana da tsofaffin ginshiƙai, har da littattafan gabatarwa na Levinson da na Geoffrey Leech, duka na 1983. Sababbi ne babu. Rajistar mujallu ta intanet takan yanke a tsakiyar zango, kuma Journal of Pragmatics, wadda take fitowa tun 1977 kuma babu mai aiki a fagen da zai yi ba tare da ita ba, sau da yawa sai ta hannun abokai a wasu jami'o'i muke samun maƙalunta. Babu wanda ya gaya mana akwai ƙungiyar masana firagmatiks ta duniya, wadda aka kafa a 1986 mai mazauni a Antwerp ta Beljiyam, ko cewa tana taro duk shekara biyu kuma ɗalibai ma suna gabatar da aiki. Ofishin karatun gaba da digiri kuma ya riƙe mu dogon lokaci muna jiran mai jarrabawa daga waje bayan mun miƙa kundi, babu bayani, babu ranar da za a sa rai.

Maganar aiki, gara a faɗe ta a fili. Wannan digiri ba ya buɗe wata ƙofa shi kaɗai in ba koyarwa ko digirin digirgir ba. Yana ƙara wa mai fassara da tafinta kaifi ƙwarai, domin kuskuren da ya fi tsada a aikinsu ba na nahawu ba ne, na nufi ne, abin da Jenny Thomas ta yi bayani tun 1983. Masu gina manhajojin kwamfuta da ke hira da mutane suna bukatar wanda ya san yadda roƙo yake ɓuya a cikin tambaya, amma za su tambaye ka ko ka iya sarrafa tarin bayanai, kuma ba a koya mana ba. Aikin taimaka wa masu matsalar magana, ko nazarin harshe don kotu, kowanne yana bukatar nasa horon daban. Sashen bai taɓa zaunar da mu a kan wannan ba.

Wanda yake son ya fahimci yadda zance yake aiki, kuma yana da haƙurin sauraron minti ɗaya na hira har ya haddace numfashin masu ita, zai ji daɗin karatun nan duk da giɓinsa. Wanda takardar kawai yake so don ƙarin girma a ofis, akwai fannonin da suka fi sauƙi. Kafin ka cike fom a kowace jami'a, nemi sunayen malaman da suke duba kundin firagmatiks, ka karanta abin da suka wallafa a 'yan shekarun nan, ka tambayi ɗalibansu tsawon lokacin da babi yake yi a hannunsu. Sannan ka shiga ɗakin karatun sashen ka ɗauko kundaye biyar na baya-bayan nan, ka buɗe rataye na ƙarshe. In ka ga rubutun hirar da aka naɗa, da lambobin layi da awon shiru, akwai mai koyar da aikin a wurin. In takardun cike gurbi ne kawai a duka biyar ɗin, to ka shiga da sanin cewa rikoda da ELAN da kanka za ka koye su, kuma ka fara tun zangon farko.